Yaushe ya halatta Kotun Ƙoli ta lashe amanta?

Nura, ɗalibin shari'a:
Salamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu lauyoyi, ina da tambaya. Sashe na 235 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce daga Kotun Ƙoli babu sauran inda za a ɗaukaka ƙara. An kuma koya mana cewa duk kotun da ke ƙasa da ita dole ta bi abin da ta yanke, ko da alƙali yana ganin ba daidai ba ne. To ita kanta fa? In ta yanke hukunci bana, bayan shekara 10 wata shari'a irinta ta zo, tilas ne ta bi na baya, ko tana da ikon cewa wancan kuskure ne? In tana da wannan iko, me zai hana ta yin haka duk ranar da ta ga dama?

Sadiƙ Wunti:
Ƙanena, daga Kotun Ƙoli sai kotun Allah ya isa. Je ka tambayi mutanen Imo. Wanda ya zo na huɗu a zaɓe aka ba wa kujerar gwamna a 2020, aka koma a ce su duba, suka ce sun rufe littafi. Ina ka ga lashe amai a nan?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam. Sadiƙ, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma yawancin masu zagin kotu a shafukan nan haka suke haɗa su. Na farko shi ne a ce wa kotu ta koma kan shari'ar da ta riga ta gama, tsakanin mutanen nan dai, ta sauya wanda ya ci. Na biyu shi ne wata sabuwar shari'a ta zo, ta wasu mutane daban, kotu ta ce ƙa'idar da muka kafa a waccan tsohuwar ba za mu ƙara binta ba. Abin da Nura yake tambaya shi ne na biyun.

Na farkon ƙofarsa kusan a rufe take. Ana gyara kuskuren alƙalami, ana iya soke hukuncin da aka samu ta hanyar yaudara ko wanda aka yanke ba da hurumi ba, amma ba a sake zama don kawai wanda ya faɗi bai ji daɗi ba. Shi ya sa a Maris na 2020 aka kori buƙatar Ihedioha, gwamnan Imo da kotun ta sauke, alƙalai 6 suka ƙi, Mai Shari'a Centus Nweze kaɗai ya ce a duba. A shari'ar gwamnan Bayelsa ma, cikin Fabrairun shekarar, ba kora kawai aka yi ba, sai da aka ci manyan lauyoyi biyu tarar naira miliyan 30 kowannensu.

Na biyun kuwa ana yi, an kuma sha yi. A 1980, a shari'ar Bucknor-Maclean da Inlaks, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinta guda biyu na 1974 a kan takardun rajistar fili a Legas. Shekara 6 kacal tsakani.

Sadiƙ Wunti:
To Barista, wanda aka zalunta a tsohuwar shari'ar fa? An gano kuskure ne, amma shi ya tashi a tutar babu kenan?

Barista Hauwa:
Haka ne, kuma da zafi. Amma ka tsaya ka ji daga bakin malamai, ba Turawa ne suka fara wannan ba.

Malam Ɗahiru Azare:
Tunda Barista ta jefo mana ƙwallo, bismillah. Wannan mas'ala tana cikin littattafan gado, kowane ɗalibin fara'id ya san ta. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan uwa da suka haɗa uwa kaɗai su biyu ko fiye, da kuma shaƙiƙai maza, uwa ɗaya uba ɗaya. A kasa dukiya 6: miji ya ɗauki rabi, kashi 3, uwa ta ɗauki sudusi, kashi 1, 'yan uwa na uwa su ɗauki sulusi, kashi 2. Shikenan dukiya ta ƙare, shaƙiƙai ba su da ko anini, don su asaba ne, abin da ya rage suke ci.

Da aka fara kawo wa Sayyidina Umar irin wannan, haka ya yanke, shaƙiƙai suka tafi hannu rabbana. Daga baya aka sake kawo masa wata irinta, shaƙiƙan suka yi jayayya cewa a ɗauka ma ubansu ba kowa ba ne, ai uwa ɗaya ta haife su da waɗancan. Sai ya shigar da su cikin sulusin aka raba tare. Aka tuna masa cewa a baya ba haka ya yi ba. Amsarsa sananniya ce: waccan tana kan abin da muka hukunta, wannan kuma tana kan abin da muke hukuntawa yanzu. Bai aika a kira mutanen farko a ƙwace abin da aka raba ba. Daga irin wannan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi, wato sabon nazarin alƙali ba ya rushe hukuncin da aka riga aka yanke da nazarin baya. Kuma ra'ayinsa na biyu shi ne mazhabarmu ta Malikiyya ta ɗauka, shi ake raba gado da shi a Azare da Misau da Bauchi har gobe.

A wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari kuma ya ce kada hukuncin da ka yanke jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ka sake nazari ka gane ta, domin komawa ga gaskiya ta fi dogewa a kan ɓata. To kun ga ya riƙe duka biyun, bai saki ɗaya ba.

Nura:
Allah ya gafarta Malam, to babu inda ake rushe hukuncin alƙali gaba ɗaya a fiƙihu?

Malam Ɗahiru Azare:
Akwai, ɗana. In ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. Wannan ba saɓanin fahimta ba ne, kuskure ne tsagwaronsa, shi ake warwarewa. Amma don wani alƙali ya zo yana ganin ra'ayinsa ya fi, wannan bai isa ba.

Barista Iliya:
Malam ya gama magana, mu sai dai mu yi ƙari. Abin mamaki, sharuɗɗan da Kotun Ƙolinmu take ambata ba su yi nisa da waɗannan ba: a nuna an yanke tsohon hukuncin ne ba tare da an lura da wata doka da ta shafe shi ba, ko a nuna ci gaba da binsa zai dawwamar da zalunci, ko ya ci karo da tsarin mulki. Kuma ba a zaman alƙalai 5 na yau da kullum aka saba yi ba, cikakken zama ake yi na mutum 7, wani lokaci har a gayyato manyan lauyoyi da ba su da hannu a shari'ar su ba kotu shawara.

Bari in kawo wadda ta taɓa mu nan kai tsaye, don rabin shari'un da muke yi a jihar nan na gona ne. A 1997, a shari'ar Oyeniran da Egbetola, Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Jiha ba ta da hurumin fara sauraron rikicin filin karkara, wanda mallakarsa ta gargajiya ce a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sai dai kotun yanki ko ta gargajiya. Ku auna abin da wannan ke nufi: rikicin gona a Alkaleri ko Toro, komai girmanta, ba za ka shigar da shi Babbar Kotu ba, wanda kuma ya riga ya shigar ya ci, ana iya rushe masa komai a sama a ce tun farko ba wurin zuwansa ba ne. A 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, kotun ta dawo ta ce a'a. Ta sake karanta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta ga sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotu filayen da gwamna ke bayarwa, amma sashe na 41 bai keɓe wa ƙananan kotuna na karkara ba, ga shi kuma tsarin mulkin 1979 ya ba Babbar Kotun Jiha hurumi mai faɗi. Ta ce duka biyun suna da iko. Ni a ganina wannan shi ne gyara mai kyau: an nuna inda aka yi tuntuɓe a cikin dokar da yatsa, an faɗi sunan hukuncin da aka rushe, kowa ya san inda aka tsaya.

Alhaji Garba, Muda Lawal:
Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ku bar ni in sa baki. Abin da nake tsoro shi ne wannan sauye-sauyen. Mutum ya sayi fili, lauya ya ce masa ga yadda doka take, ya yi takardu a kan haka, ya yi gini, ya kai takardar banki ya karɓi kuɗi. Bayan shekaru wasu mutum 7 a Abuja su ce sun sake tunani. Ai kamar a sauya mudu ne bayan an ci bashin hatsi. Da wanne za a biya? Ni wallahi gara doka ta zauna a karkace kowa ya san karkatarta, da a riƙa miƙe ta kullum.

Barista Iliya:
Alhaji, ba ku kaɗai ba ne a kan wannan. Wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, Brandeis, ya faɗi kusan haka a 1932, cewa a yawancin al'amura zaman doka wuri ɗaya ya fi muhimmanci a kan ta zauna daidai. Turawan Ingila ma sun gwada hanyarku har ƙarshenta. Daga 1898 kotunsu ta ƙoli ta ɗaure kanta, ta ce ba za ta taɓa saɓa wa hukuncinta na baya ba, sai dai majalisa ta gyara. Sun yi shekara 68 a haka. A 1966 suka fito da sanarwa cewa sun kwance ɗaurin, don tsananta bin na baya yana jawo zalunci. Amma a cikin sanarwar sun ja wa kansu kunne a kan abin da kuka faɗa ɗin nan: a yi hattara da taɓa abin da mutane suka gina kwangila da dukiya da harkar kuɗi a kansa, da kuma dokar laifuka.

Anti Ladi, malamar makaranta:
Alhaji, da girmanku, amma maganar nan taku mai fili ce kawai take yi wa daɗi. A Amurka a 1896 kotu ta halatta a raba baƙar fata da farar fata a jirgin ƙasa, aka ɗora makarantu da komai a kan haka. Sai 1954 aka ce raba yara a makaranta ya saɓa wa tsarin mulki. Shekara 58 ke nan. Su ma masu cin moriyar wancan tsari sun gina abubuwa a kansa, sun saba. Da an bi ta taku, da har yau ɗan baƙar fata yana ajinsa daban. Akwai karkatar da ba a zama da ita.

Alhaji Garba:
Malama, ai wannan zalunci ne da ko makaho zai shafa ya ji. Ni maganar ciniki nake yi.

Anti Ladi:
A lokacin alƙali 1 ne kawai cikin waɗanda suka zauna ya ji shi, Alhaji. Sauran masu ido ne.

Baba Rajistara:
Yara, kun yi nisa zuwa Amurka, ku dawo gida. Na yi aikin rajistar kotu har na yi ritaya, kuma abin da ya fi ci mini rai ba rushe hukunci ba ne, ƙin rushewa ne a inda ya kamata. Hauwa da Iliya sun san inda na dosa. A 2007, shari'ar Okafor da Nweke, aka ce duk takardar kotu da lauya ya sa wa hannu da sunan ofishinsa, ba sunansa na yanka da ke cikin rajistar lauyoyi ba, takardar banza ce. Alhali shekara da shekaru haka lauyoyi ke yi, mu muke karɓa mu buga hatimi, har akwai hukuncin 1968 na Cole da Martins da ya lamunci hakan.

Na ga wani dattijo daga yankin Darazo, shari'ar gona, ya ci a ƙasa, aka ɗaukaka. Yana zuwa da takardunsa a cikin ledar shinkafa, ya naɗe da tsumma, kullum shi ne farkon isowa, ya zauna a benci yana jan carbi. Ranar da aka rushe shari'ar ba a ko ambaci gonar ba. Lauyan ɗaya ɓangaren ya buɗe shafin farko na fayil, ya nuna ƙasan takardar sammaci, wurin sa hannu. Shikenan. Da aka fito dattijon ya riƙe hannun rigata yana tambaya, shin an ce gonar ba tasa ba ce? Na ce ba a ce ba. Ya ce to an ce tasa ce? Na ce ba a ce ba, an ce a koma farko. Biyu daga cikin dattawan da suka ba da shaidar iyaka sun riga sun rasu. Ku gaya mini laifinsa a ciki.

Bayan 'yan shekaru aka roƙi Kotun Ƙoli ta sauka daga kan wannan, a shari'ar First Bank da Maiwada. Ta yi cikakken zama, ta saurari manyan lauyoyi, ta ce tana nan kan bakanta.

Barista Hauwa:
Baba, Allah ya ƙara girma, labarin nan ya taɓa ni, amma ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Dokar aikin lauya a fili take: lauya shi ne mutumin da sunansa ke cikin rajista. Ofis ba ya zuwa makarantar lauyoyi, ba a rantsar da shi, ba a iya hukunta shi in ya yi ba daidai ba. Kuma ku kun fi ni sanin yadda 'yan ka-yi-na-yi suke fakewa da sunan ofis suna shigar da ƙara. Kotu ba ta ƙirƙiri dokar ba, karanta ta ta yi. In ta rushe don tausayi, gobe wani zai zo da nasa tausayin.

Baba Rajistara:
'Yata, ban ce a bar lauya ya yi yadda ya so ba. A ci shi tara, a dakatar da shi, a sa ya gyara takardar a gaban kotu. Amma a ce sakacin mai baƙar riga ya cinye gonar talaka? Kuma abin da ya fi muni, an ɗora sabuwar fahimtar a kan takardun da aka shigar tun kafin a yi ta. Wanda ya sa hannu a 1999 ina zai san abin da za a faɗa a 2007?

Barista Iliya:
A nan ina bayan Baba, Hauwa. Kuma kin ga abin ya zama biyu: Okafor ita kanta juyawa ce daga abin da aka saba, ta faɗa kan mutanen da suka dogara da tsohon tsari, wato abin da Alhaji Garba yake tsoro. Sannan da aka zo gyara sai aka ce a'a, a bar doka ta zauna wuri ɗaya. Hujjar zaman doka ba ta yi aiki ranar da za ta ceci mutane ba, sai ranar da za ta ceci hukuncin.

Sadiƙ Wunti:
Ni fa duk wannan turancin naku, abin da na gani shi ne in alƙalai suka sauya, doka ta sauya. Ba ga Amurka ba, 2022 suka soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki. Kuma ni na ji daɗi, Allah ya ƙara.

Barista Iliya:
To ka kawo wurin da ya fi wuya, Sadiƙ. Da yawanmu a nan, Musulmi da Kirista, sakamakon ya yi mana daɗi. Amma ka tambayi kanka me ya sauya a shekara 49 ɗin. Rubutun tsarin mulkinsu a kan batun bai sauya ba. Hujjojin ɓangarorin biyu tun da can an san su. Abin da ya sauya shi ne Trump ya naɗa alƙalai 3 tsakanin 2017 da 2020. Masu goyon baya za su ce tun asali hukuncin 1973 ba shi da tushe a rubutun, kuma kuskure ba ya zama daidai don ya tsufa. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai in ka yarda sabon rinjaye kaɗai ya isa, ka yarda ranar da rinjayen ya koma hannun waɗanda ba ka so su ma su yi nasu. A wurinmu abin ya fi haɗari, don alƙalan Kotun Ƙoli suna ritaya a shekara 70, kuma yawanci sai sun manyanta suke isa can. Cikin 'yan shekaru sai ka ga fuskokin sun sauya kusan duka.

Nura:
To Yaya Iliya, tsufan hukunci hujja ce ta barinsa, ko ta rushe shi? Na ga na Ingila na 1985, Anderton da Ryan, shekara ɗaya kawai ya yi aka rushe shi a shari'ar Shivpuri.

Barista Iliya:
Ba shekarun ake ƙirgawa ba, abin da aka ɗora a kai ake dubawa. Wancan na laifi ne, a kan yunƙurin aikata abin da ba zai yiwu ba, kuma babu wanda zai ce ya tsara rayuwarsa a kansa cikin shekara guda, don haka gara a cire shi da wuri. Na fili da gado da kwangila kuwa, kowace shekara ƙarin mutane ne ke hawa kai.

Barista Hauwa:
Ni abin da ya fi damuna ma ba ku taɓo shi ba. Rushewa a fili, kamar ta Adisa, ba ta ba mu wahala. Wadda ke kashe mu ita ce ta shiru: wannan zama na mutum 5 ya faɗi abu, wancan zama ya faɗi kishiyarsa, babu wanda ya ambaci ɗan uwansa. Musamman a shari'un zaɓe da na fidda gwani, inda agogo ke bin kowa. Sai ka tashi a gaban alƙali a nan Bauchi da hukuncin Kotun Ƙoli a hannunka, abokin karawarka ya miƙe da nasa, shi ma na Kotun Ƙoli. Ƙa'idar ita ce a bi na baya-bayan nan, amma wanda kake karewa ya tambaye ka zai ci ko ba zai ci ba, ka rasa abin faɗa masa. Mai Shari'a Oputa ya faɗa a 1989 cewa ba don ba sa kuskure suka zama na ƙarshe ba, zamansu na ƙarshe ne ya sa ake ɗaukar ba sa kuskure, kuma ya ce in an nuna musu kuskure ya fi kyau su amsa su gyara. Amsawar a bainar jama'a ita ce ta yi ƙaranci.

Malam Ɗahiru Azare:
Sayyidina Umar ma da aka tuna masa bai ce bai taɓa faɗin haka ba.

Alhaji Garba:
To ni tambayata ta ƙarshe, tunda kotu ta ƙi sauka daga kan maganar sa hannun nan, shikenan babu mai iya taɓawa?

Barista Iliya:
Akwai, Alhaji. Dokar aikin lauya majalisar tarayya ke da ita, tana iya ƙara layi biyu ta ce irin wannan kuskure ana gyara shi, ba ya kashe shari'a. An taɓa yin irin haka. A 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali ba shi ya tsaya a ranar zaɓe ba, ta ce jam'iyya aka zaɓa kuma shi ne halastaccen ɗan takararta. A dokar zaɓe ta 2010 majalisa ta sa sashe na 141, cewa kada kotu ta ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci.

Sadiƙ Wunti:
Shekara 3 kacal, don ta taɓa kujerarsu. Ta dattijon Darazo kuwa tun 2007 take jiran a kai ta zauren majalisa. Baba, in kun rubuta takardar koken, ni zan kai wa ɗan majalisarmu har gida, na san ranar da yake shigowa gari.